Sakan Huɗun da Na Rage Masa

Da aka kulle Kuala Lumpur saboda korona, ni kaɗai aka kulle a gidanmu. Matata da yaranmu biyu sun tafi Kano bikin ƙanwarta da niyyar su yi wata ɗaya su dawo, sati biyu da tafiyarsu aka rufe filin jirgi. Jami'ar da nake karatun digiri na uku ita ma ta garƙame ɗakin bincikenmu. Aka bar ni da buhun shinkafa, da kekunan yara a bakin ƙofa, da wani falo a hawa na tara a Wangsa Maju wanda ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Ta tagar kicin ina hango jirgin ƙasa na LRT yana wucewa fitilu a kunne, ba kowa a ciki. Na kai matsayin da nake yi wa firji magana. Ba na ɓoyewa, kaɗaici ya ci ni a shekarar nan, ci mai tsanani.

Motata tana hawa na huɗu, inda ake ajiye motoci. Kullum da safe in gari ya yi haske sai in sauka in tayar da ita, wai don kada batir ya mutu. Gaskiyar magana ba batir ne abin tausayi ba, ni ne. A can na fara ganin wani Bature dogo siriri mai jan gemu, gwiwarsa ta hagu a ɗaure, yana gudu daga wani ginshiƙi zuwa bango ya dawo, sau shida, sannan ya dafa cinya yana haki kamar zai shiɗe. Mai gadin gidan ya taɓa ce masa, "Tak boleh lah, boss," wato ba a yarda ba. Daga baya ya gaji, ya riƙa juya kujerarsa ta kalli wani wajen.

A rana ta uku Baturen ya tsaya nesa da ni, kamar yadda dokar lokacin ta ce, ya tambaye ni da Turanci ko wayata tana da agogon auna gudu.

"Ina da agogo a hannu," in ji shi, "amma ni nake dannawa. Mai gudu in ya gaji, yatsansa kan riga ƙafarsa isa. Ina son wanda ba ruwansa da ni."

Na ce masa ai kuwa ya samu. Ni da ƙwallo sai dai kallo, rabona da gudu tun ina sakandare, kuma tumbina shaida ne.

Haka na samu aikin yi. Shi ya yi gudu, ni in danna waya in faɗi lamba, shi kuma ya rubuta a wani ɗan littafi da fensir. Yana ce mini Dakta duk da na gaya masa ban gama ba, ni kuma ina ce masa Kyaftin duk da ya rantse bai taɓa ɗaura kambun kyaftin ba a rayuwarsa. In ya gama sai mu zauna, shi a kan bonet ɗin wata mota da ƙura ta rufe, ni a bakin ƙofar tawa. A wannan hutun ne na ji tarihinsa, gutsure-gutsure, don ba mai yawan magana ba ne.

Ɗan ƙasar Suwidin ne, daga wani ƙaramin gari a bakin teku. Ya ce suna yara sai sun kwashe dusar ƙanƙara da shebur kafin su samu filin buga ƙwallo. Lamba bakwai yake bugawa, kuma gudu ne jarinsa. Yana ɗan shekara sha tara wani babban kulob na ƙasarsu ya ɗauke shi. An taɓa kiransa tawagar matasa ta ƙasa sau ɗaya, ya zauna a benci daga farkon wasa har ƙarshe, amma har yanzu rigar tana ɗakin mahaifiyarsa. Yana ashirin da huɗu jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa tiyata. Daga nan sai gangara: rukuni na biyu a Norway, shekara biyu a Girka, sai Tailan, sai nan. Da muka haɗu shekarunsa talatin da huɗu, wasa biyar kacal ya buga wa kulob ɗinsa na Malesiya aka dakatar da gasa. Yana da 'ya guda mai shekara bakwai tana hannun tsohuwar matarsa. Bai taɓa ƙawata labarin ba. Na tambaye shi ko ya yi fice a zamaninsa, ya yi ɗan tunani ya ce, "A'a. Na dai fi yawancin mutane gudu."

Abu biyu ne a gabansa. Kulob ɗin nan ya ce da zarar an sassauta doka za a gwada 'yan wasan waje da wannan gudun na sau shida, wanda ya yi shi ƙasa da sakan sittin a ba shi ƙarin shekara guda. A can garinsu kuma kulob ɗin da ya raine shi ya yi masa tayin horar da yara, aiki mai ɗorewa, tafiyar minti goma daga makarantar 'yarsa, amma suna son amsa kafin ƙarshen wata. Ya ce ƙafarsa ce za ta yanke hukunci. In tana da sauran shekara ɗaya, zai tsaya. In babu, zai jingine takalmi ya koma gida.

Ranar farko sittin da bakwai ya yi. Cikin sati biyu ya sauko sittin da huɗu, sai ya kafe a nan. Kwana shida ina faɗin lamba ɗaya, sittin da huɗu, wani lokaci da ɗoriya. Shi kuwa sai dai ya rubuta, ya kwance ɗaurin gwiwar ya sake ɗaurewa. A rana ta bakwai ya iso ginshiƙin ya zube a kan siminti, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya ɗago yana kallona. Na dubi waya, sittin da huɗu. Bakina ya ce, "Sittin da biyu."

Wallahi ban shirya ba. Haka kawai ta fito, kamar yadda "da sauƙi" take fita in an tambaye ka jikin mara lafiya. Mutumin nan ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa, ya bugi simintin da tafin hannu. Ni kuwa na yi maza na goge lambar.

Da la'asar na kira matata na ba ta labari. Tana ta fama da yara, ina jin ƙaramin yana ihu a bayanta.

"To mene ne a ciki, Abban yara?" ta ce. "Encouraging ɗinsa ka yi. Mutum yana wahala haka, ai ba ka kashe masa gwiwa ba. In ya ji daɗi ma sai ya ƙara himma."

Na ce nima haka na gani. Mu haka muka taso. Ɗalibi ya kawo maka aikin da bai yi kyau ba, ka fara da "ka yi ƙoƙari". Tela ya ɓata maka ɗinki, ka ce "ba laifi". Kuma kowa ya san yadda ake sauraron irin wannan magana: a ji ta, a gode, a zubar da rabi. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa akwai mutanen da in ka ce musu sittin da biyu, sittin da biyu suke ji, su rubuta da fensir.

Matsalar ita ce wanda ya ce sittin da biyu yau ba zai dawo ya ce sittin da huɗu gobe ba. Na ci gaba da ragewa. Sittin da biyu, sittin da ɗaya, na ɗan mayar da shi sittin da biyu don abin ya yi kama da gaskiya, sannan sittin cif. Ni da nake koyar da ɗalibai cewa ba a taɓa sakamakon awo, ga ni ina tsara na ƙarya da basira. Kullum ina ce wa kaina gobe ƙafar za ta kamo lambar da na faɗa, shi ke nan ƙaryata ta zama gaskiya. Ƙafar ba ta kamo ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ban gaya wa matata ba. In ya koma garinsu, da wa zan yi magana? Masallaci a rufe, 'yan uwanmu Hausawa na Bukit Jalil sai dai a waya, gaisuwar minti biyu kowa ya koma cikin damuwarsa. Wannan minti arba'in na hawa na huɗu shi ne kaɗai lokacin da wani ɗan Adam yake kallon idona a yini. Ina kwana da ɗokin safiya saboda shi. Ban so ya tafi ba, kuma na san ban so ba.

Kwana uku kafin ƙarshen wata ya sauko riƙe da leda biyu na shayin madara, wanda ya yo tapau, wato ya sayo a ƙulle, daga shagon mamak, masu shayin nan na bakin titi. Ya rataye mini tawa a madubin mota ya ja da baya.

"Dakta, na ba su amsa jiya," ya ce. "Na ce su nemi wani. Littafin nan ya nuna sakan bakwai na rage cikin wata guda. Ban taɓa zaton gwiwar nan za ta iya ba."

A lokacin da sauran dama, kwana uku ne, saƙo ɗaya zai aika ya ce ya sake shawara. Na buɗe baki, sai na hango yadda fuskarsa za ta koma, da yadda zai dube ni, da yadda gobe zan sauko in tarar da motoci kawai. Na ce masa ina taya shi murna. Na shanye shayin nan tas, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan sati uku aka sassauta doka, kulob ya kira su gwaji. Ranar ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Na yi masa addu'a da gaske, har da cewa Allah ya sa ciyawa ta fi siminti sauƙin gudu. Washegari na sauka na same shi zaune a kan bonet ɗin nan, da wando jins da silifas, ba ɗauri a gwiwa.

"Sittin da huɗu," ya ce. "Na roƙi koci ya bar ni in sake. Na sake, sittin da biyar." Ya juya littafin a hannunsa. "Na yi ta tunani. Wataƙila wayarka ce take da matsala. Ko kuwa tazarar nan ba ta kai yadda na auna ba."

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa, kuma da zuciya ɗaya ya buɗe ta. Da na ce wayar ce, da ya yarda.

"Wayata lafiyarta lau, Kyaftin," na ce. "Ni ne. Tun ranar da na ce sittin da biyu ba ka taɓa sauka daga sittin da huɗu ba."

Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dai tambaye ni dalili, kamar mai son ya fahimci yadda wata na'ura take aiki. Na shiga kame-kame da Turancina. Na ce a wurinmu ba a duban idon wanda ya galabaita a faɗa masa abin da zai karya masa zuciya, ana ganin rashin tausayi ne. Na ba shi labarin mahaifina, yadda ya yi wata huɗu a kwance, kullum in mun shiga muna ce masa, "Baba, yau kam jiki ya yi kyau," har ranar da ya rasu.

Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Na tambaye shi aikin garinsu, ko akwai sauran magana. Ya girgiza kai, ya ce sun ba wani tsohon abokin wasansa, har ya fara aiki. Can ya ce, "Mahaifinka ya san ba gaskiya kuke gaya masa ba?"

"Ya sani," na ce. "Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba."

Ya sauko daga kan motar ya nufi lif. Dalili na biyun yana bakina, ban faɗa ba, kuma har yau bai ji shi ba.

Kwana goma bayan haka ya samu jirgi. Na hau har ƙofarsa a hawa na sha biyu, na ce don Allah ya bari in kai shi filin jirgi. Ya ce a'a, ya gode, ya riga ya kira mota. Da Bahaushe ne da na nace sau uku, a na ukun ya miƙo mini jaka. Na tsaya a bakin ƙofar ina jiran ya ba ni wannan damar, sai na tuna wanda nake magana da shi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na sauko hawa na tara.