Allon da Baba ya karanta da yatsa

Shekarun baya can, muna sabbin samun 'yancin kai, mahaifina ya buɗe shagon ɗinki nasa na kansa a unguwar Maure. Kafin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗinki a shagon wani Nasara, sunan Nasaran ne a ƙofa. Burinsa ɗaya, ya ga nasa sunan a allo kafin idonsa ya ƙarasa rufewa, don cutar yana ta riga ta fara cin idon.

Ni kuwa lokacin sabon mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, ina ji da rubutuna kamar me. Na ce a bar mini. Kwana biyu ina jan layi ina aunawa, haruffa suka fito sirara, a miƙe kamar sojoji. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Ɗana, ban ga komi ba sai fari."

Abokina da ke gefe ya ƙara mini gishiri. "Mushe, wannan ai allon ofishin kwamanda ne. Wa zai kawo ɗinki inda ake kiran mutum da sammaci?"

Shi ya ɗauko mana wani dattijo mai yi wa kamyo, manyan motocin kaya, rubutu a bayan Babbar Kasuwa. Mutumin bai san boko ba, ko harafi ɗaya. Na ce a raina yau za a yi ɓarna. Ya sa na rubuta sunan a ƙasa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Sai ya juya ga Baba.

"Malam, idon ne?"

"Shi ne."

Dattijon ya miƙe. Ya ɗebo lallausan yashin gulbi daga wata 'yar jaka, ya zuba cikin baƙin fenti ya dama. Ba layi, ba awo. Ya tsoma burushi, ya riƙe numfashi, hannunsa ya tafi. Harafi ya fara da kauri, ya lanƙwashe, ya ƙare da siririn jela inda gashin burushin ya rarrabu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Sunan da na saba rubutawa tun ina yaro, ranar na fara ganin yana da rai.

Ya ce kada a rataye shi sama, a kafa daidai kafaɗa. Da ya bushe, ya kama yatsan Baba ya ɗora a kan harafin farko. Baba ya bi gurzar yashin a hankali har ƙarshe, ya dawo ya sake. Can ya ce, "Ashe haka nake."

Kwanan nan jikata ta nuna mini irin wannan rubutun burushi a wayarta, wai an ƙera shi ne don ya yi kama da na hannu. Yana da kyau, ban musa ba. Amma ni mai takardar shaida na auna allo, dattijon nan ya auna mutumin da zai karanta, kuma har yau abin na ba ni mamaki.

Allon yana ɗakina. Tsakiyar kowane harafi ya yi sumul, yashin ya tafi, don shekara goma sha ɗaya Baba bai taɓa buɗe shago ba sai ya shafa shi.