Kayan aikin Yaya Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Mamman Sani, amma har yau in iska ta kaɗo daga masana'antun Saint-Fons sai na tashi na rufe tagogi, in koma in duba ko sun rufu da kyau.

A gidansa na sauka da na zo nan ƙasar Turawa daga Damagaram. Yana aiki a wata masana'antar sinadarai, kuma a lokacin kowa gida yake kai kayan aikinsa a wanke masa. Ni ke wanke nasa. Ruwan ya koma ɗorawa, hannuwana su yi ta saɓa. Wata rana ya tarar na jiƙa su tare da rigunan yara. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon bahon, sannan ya fita.

Daga nan ya shiga sandika, ƙungiyar ma'aikata. Buƙatarsu guda ce: a wanke kayan a can, guba ta tsaya inda aka yi ta. Ya bi 'yan Cadi da 'yan Kamaru ɗaki-ɗaki, ya shawo kan Turawan da ko gaisuwa ba ta haɗa su. Na ce, "Yaya, takardun zamanka fa? Za su kore ka." Ya ce, "Ke Hadiza, ko Aljanna aka sa ki sai kin tambayi ina ƙofar gudu."

Sun yi yajin aiki, sun samu. Daga baya tari ya tafi da shi. Likita bai ce aikin ne ba, bai kuma ce ba shi ne ba.

Yanzu ɗana Abdu yana aiki a can, amma ɗan anterim ne, na wucin gadi, ana sabunta shi wata-wata. Ya ce wankin masana'anta bai kai ga irinsu ba. Ran Juma'a ya ajiye mini leda a ƙofar banɗaki. Tun ban kwance ta ba na gane warin.

Me Yaya zai ce? Na san amsar, ita ce ke damuna. In Abdu ya buɗe baki ana iya sallamarsa, ga matarsa da ciki. In ya yi shiru, kayan jaririn ma a gidan nan za a wanke su.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bar mini shi ne ba ni da halin cewa ban sani ba.

Jiya na ce wa Abdu ya je ya sami 'yan sandika. Ya yi dariya, ya ce, "Inna, ke da ke tsoron komi?"

Na ce, "Har yanzu ina tsoro. Ka je."

Allah ya ji ƙan Yaya Sani.