Baba Mai Wari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, ina tsakiyar darasi aka leƙo aji aka ce mini Allah Ya yi wa Baba Mai Wari, mai shagon takalma na bakin kasuwa, rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Na zauna, na daɗe ina kallon ƙafafuna. Bayan na yi maka addu'a, Baba, abin da ya fara zo mini shi ne yaran da ake wa gashin ƙashi a asibiti: yanzu wa zai ba su takalmi?

Wanda bai yi shan inna ba zai ga tambayar ba ta kai ta kawo ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙafar da cutar ta taɓa ba ta girma tare da 'yar'uwarta. Tawa ta hagu ta tsaya, ta dama ta wuce ta bar ta. Ƙarfen da ake ɗaura mana kuwa a dugadugin takalmi ake kafa shi, kuma sai takalmin ya kama ƙafa cif. In babu takalmi, ƙarfe yana jingine a bango, yaro yana ƙasa yana jan jiki. Kowace ƙafa da lambar takalminta, kuma ba kowane uba ke iya sayen takalmi biyu don a sa ɗaya ba. Nawa uban bai iya ba.

Ina 'yar shekara tara Umma ta goya ni zuwa shagonka, bayan ta sha kora a wasu. Ka zaunar da ni a benci, ka riƙe shanyayyiyar ƙafata da hannu biyu ba tare da ka yatsina fuska ba. Ka buɗe kwali biyu, ka ɗauki hagu a nan, dama a can, ka ce mu tafi. Umma ta ce, "Malam, sauran fa? Ai ka yi asara." Ka ce, "Bar su, mai su na nan tafe."

Ta kuwa zo. Yarinya ce sa'ata da cutar ta kama a ƙafar dama, ragowar nawa ya zauna mata kamar don ita aka yi. Haka ka riƙa yi har tsufanka: ka raba takalma, ka jera warin a saman kanta, kana jiran mai su. Duk ranar Alhamis kake rufe shago da azahar, ka cika buhu, ka kai wa mai haɗa ƙarafa a asibiti. Ka sha biya wa iyaye kuɗin mota don kada yaro ya fasa zuwa gashi. Ba ka taɓa tara mu a ɗauki hoto ba.

Abokiyar warina yanzu tela ce, kuma har gobe ba mu daina rigima ba. Ita ja take so mai ƙyalli, ni kuma malama ce, ina zan shiga aji da takalmi kamar na amarya? Mukan zo gabanka kowa ta ja daga, kai kuma ka ci gaba da goge kanta, ka ce, "Ku je ku shirya, ni ba alƙali ba ne." Sau da yawa ita ke cin nasara, don ta fi ni baki. Da jan takalminta na karɓi takardar kammala karatu, a tsaye da ƙafafuna.

Fargabata ita ce babban ɗanka. Mutumin kirki ne, amma ya sha cewa a gabanmu, "Baba, wannan fa ba kasuwanci ba ne." Ban ga laifinsa ba, shi ke fama da dillalai.

Ranar da muka je gaisuwa, muna zaune a tsakar gida sai ga wata mata da goyon yarinya, ƙarfe sabo fil a hannunta. Daga asibiti aka turo ta, ta tarar da shago a rufe, maƙwabta suka nuna mata gida. Da ta fahimci abin da ya faru sai ta rikice, tana ba da haƙuri tana ja da baya. Ɗanka ya miƙe daga cikin masu karɓar gaisuwa, ya ce, "Baiwar Allah, zauna." Ya durƙusa ya gwada ƙafafun yarinyar da tafin hannu, ya ɗauki makulli ya fita. Da ya dawo da kwali biyu, ya sa mata, sai ya juyo wurina riƙe da ragowar, idonsa jajur. Ya ce, "Anti, wa kika sani mai ƙaramar dama?"

Nan na yi kukan da ban yi a aji ba, kuma na dawo gida hankalina kwance.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka tsayar da mu, Allah Ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk wanda ya taɓa fita shagonka da ƙafa biyu lamba biyu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa albarka a bayanka, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.