Janareto Mai Fuskar Onarabul

Ko zan manta komai a duniya, ban da janareton da aka sauke a ƙofar shagon maigidana a unguwar Ajilari. Gidan gem yake da shi, inda samari ke biya su buga ƙwallo a talabijin, kuma da shi muke ci. A shekarun nan na tashin hankali babu wuta, ga yaran nan masu bindiga suna bin duk wanda ya raɓi ɗan siyasa suna harbewa.

Sai wani ɗan majalisa ya ce ai gem sana'a ce, tana hana matasa bin wancan layi, zai kai maganar majalisa a tallafa mata. Ya tara masu shaguna ya raba musu janareto, kowanne an manna masa ƙaton hotonsa yana murmushi.

Ina gani na ja maigidana gefe. Na ce, "Baban yara, don girman Allah kankare fuskar nan."

Ya ce, "Haba ke kuwa! Yaran Onarabul za su zagayo dubawa. Wanda ya cire, babu shi a rabon talabijin."

Janareto kuwa ba ya zama cikin shago saboda hayaƙi, dole sai bakin titi. Na ɗinka masa riga da buhu don ta rufe hoton. Ya ɗau zafi ya mutu, samari suka watse. Maigida ya yaye buhun, har da tsokanata wai na so in shaƙe Onarabul. Na yi dariya, wallahi na yi, kuma har yau dariyar nan tana ci mini rai.

Wata la'asar ina tankaɗe na ji harbi. Mai shayin kusa da shagon ya ce mutum biyu ne a kan babur. Ko sunan maigidana ba su tambaya ba, hoton suka nuna suka ce, "Na waye wannan?" Ya fito ya ce nasa ne, don kada su shiga kan samarin da ke ciki. Da na isa an riga an rufe shi da zane, janareton yana ta ruri, kowa na tsoron taɓa shi. Ni na kashe shi da hannuna.

Onarabul bai zo ta'aziyya ba, an ce yana Abuja. Masu dubawa ba su taɓa zagayowa ba, maganar majalisa ma shiru.

Tun daga ranar na gane cewa kyautar da mai ita ya liƙa wa fuskarsa tallarsa ce ya ɗora maka, kuma idan ta ɓaci kai ne a bakin titi, shi yana bayan katanga. Yau ko bokiti aka ba ni da hoton ɗan siyasa, sai na kankare shi tas kafin ya shiga gidana.