Yatsu Uku da Rabi a Jikin Katanga

Shekarar da ake ta cewa Turawa za su tattara nasu ya nasu su tafi, ni ban ma san ana yi ba. Maigidana ya rasu ƙarshen sanyi, ina cikin takaba a gidanmu na Lolo. Ranar kasuwa nakan jiyo hayaniya, Dandawa da Hausawa da mutanen Dahome, kowa na faɗin abin da zai faru in an ba mu mulkin kai. Ni kuwa iyakata ɗaki da murhu da randa, sai katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu.

Katangar nan maigidana ne ya yaɓe ta da hannunsa. Lauje ya taɓa gutsure masa ƙaramin yatsa wajen yankan shinkafa, saboda haka duk inda ya ja hannu a jikin yaɓen, layi uku ne ke fitowa sosai, na huɗun da ƙyar. Wuri guda kuma, dab da randa, inda ya dafa zai miƙe, ƙasar na ɗanya, tafin hannunsa ya fito ɗungurungum, yatsu uku da rabi ban da babban. Kullum na zo ɗiban ruwa sai na dube shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. A wancan zamani mace ta buɗe baki ta ce tana kewar mijinta? Ai sai a ce ba ta da kunya.

Maƙwabcinmu dattijo ne, manomi, uwarsa tsohuwa tana zaune can ƙasar Dahome. Ya ji ana raɗe-raɗin in kowace ƙasa ta karɓi kanta, tsallakawa ma sai da takarda, shi ne ya ce zai ɗauko ta ya gina mata ɗaki. Tun maigidana na da rai suka yi magana cewa bayan ɗakin zai hau kan katangar, maigidana ya ce ai katanga ta mutum biyu ce. Magina suka zo suka yi ta jera tubali ta ɓangarensu, ban hana su ba. Sai da gini ya kai rufi aka tuna cewa bayan ɗakin gidana yake kallo, ba kuwa yadda za a yaɓe shi sai an tsaya a tsakar gidana.

Matar maƙwabcin ta shigo da hantsi. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ta ce, "Ƙanwata, yini ɗaya kawai magina ke so. Su shigo su yaɓe tun daga sama har ƙasa, kafin ruwa ya sauka."

Har ƙasa! Har da wurin randa ke nan. Na ce, "Yaya, kin manta takaba nake? Ƙarti su cika mini gida, kwana arba'in ya rage in fita? Su jira mana."

Ta dubi gabas, ta dube ni, ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta tafi.

Kashegari wan maigidana ya zo ya tsaya daga zaure. Ya ce ya tambayi liman, in na shiga ɗaki na saki asabari har su gama, babu abin da zai taɓa takabata. Na ce to. Da safe kuwa na sa tabarya na tokare ƙofar gida. Ni dai Allah ya yi ni da taurin kai, uwata takan ce in an ce mini gabas sai na fara leƙa yamma. Amma wannan karon na san ba ni da gaskiya, shi ya ƙara mini fushi. Ranar har tuwo na ƙona.

Ana cikin haka aka kawo tsohuwar. Ɗaki bai kammalu ba, aka ajiye ta a wata rumfar zana, ina jin tarinta ta bayan katanga. Kwana uku sai hadari ya taso da la'asar. Bai yi wani ruwan kirki ba, yayyafi ne da iska, amma tubalin da ba yaɓe ya jiƙe sharkaf, har wani gutsure ya faɗo kan faifan randata.

Da gari ya waye na ji an yi gyaran murya ta bayan katanga. Babban maginin ne, Badande, ban taɓa ganin fuskarsa ba, Hausarsa duk a karye.

"Uwar gida, fofo. Ni ba ni shiga gidan da ba a ce in shiga ba. Amma ruwa ba shi sallama. In ya dawo, bangon ga zai kwanta, ko gidanki ko kan tsohuwa."

Na ce, "Malam magini, ba a yaɓe sama a bar ƙasa?"

"Mi? A'a. Sabon yaɓe sai ya sauka har gindi. Inda aka bar mishi baki, nan ruwa ke shiga, shi ɓamɓare duka."

Tsohuwar ta yi tari. Na ji kunya ta kama ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, "To ku miƙo ƙasar ta sama. Ni zan yaɓe."

Wallahi sai da suka yi dariya, shi da mutanensa. Na ce, "Ku yi ta yi! Ɗakin da nake kwana, aljanu suka yaɓe mini shi?" Dariyar ta tsaya. Ba a jima ba na ga ana zuro tsani, sai ga ƙwarya cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa tana saukowa da igiya. Na janye tabaryar, Yaya ta shigo ta ci ɗamara. Ta ce tunda ita ba takaba take ba, ita za ta hau tsani, ni in riƙe ƙasa.

Haka muka wuni. Maginin na can yana ba mu umarni bai gan mu ba: mu yayyafa ruwa kafin mu ɗora, mu danna da ƙarfi, mu ja hannu ƙasa don ruwa ya sami hanya. Yaya na tsokanarsa tana cewa yau dai ya zama sarkin magina na mata. Har na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Layukan maigidana na ɓacewa ƙarƙashin hannuna ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ta kewaye wurin randa, in yaɓe dama, in yaɓe hagu.

Da la'asar bango ya rufu duka, sai wuri guda. Yaya ta sauko daga tsani, ta zo ta tsaya a bayana. Ta daɗe tana kallo. Ta san hannun, shekara nawa yana miƙa mata damin shinkafa ta kan katangar nan. Ta ɗauki tulu ta ce bari ta ɗebo ruwa, alhali randa cike take.

Maginin ya ɗaga murya. "Uwar gida, kun kai gindi? Kada ku bar ko faɗin tafin hannu."

Bai san abin da ya faɗa ba, bawan Allah.

Na sa hannuna cikin na maigidana. Ko'ina nasa ya fi nawa girma, sai ƙaramin yatsan, nan ne kawai nawa ya zarce. Na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, don ranar gida cike yake da mutane. Sannan na yayyafa ruwa yadda aka koya mini, na ɗebo ƙasa, na danna, na ja hannu ƙasa.

Na ce, "Mun kai."

Ruwan gaske ya sauka cikin makon nan, bango ko gezau bai yi ba. Tsohuwa ta shiga ɗakinta, ta yi damina uku a ciki kafin ta cika. Da yaɓen ya bushe na je ɗiban ruwa, na dubi wurin. Layi huɗu ne cif. Har na bar gidan, ban taɓa buɗe randar nan ban ƙirga su ba.