Baba Yafet, Mai Ƙararrawa a Ƙafa

Duk wanda ke zaune a bayan layin dogo a Kafanchan ya san ƙarar nan ta safe: cin-cin, cin-cin. Ba akuya ba ce, Baba Yafet ne zai tafi barga, da 'yar ƙararrawa ɗaure a idon sawunsa. Zai share kashin dawaki, ya zuba harawa, ya jiƙa dusa da kanwa, kafin shi kansa ya kurɓi koko.

Bargar ta Oga Azubuike ce, ɗan tsohon direban jirgin ƙasa, mai ba da hayar dawaki a bukukuwan aure da wasan yara na Kirsimeti. A cikinsu babu kamar Danda. Doki ne mai haƙuri, ko yaron goye aka ɗora masa sai ya rage tafiya.

Sai ciwon ido ya kama Danda, ya makance sarai. Ya riƙa karo da bango, ya daina cin abinci. Dillalai suka fara zarya, kowa kuwa ya san dokin da ya shiga motarsu wuƙa ce makomarsa.

"Yafet, ni ma ina son shi," in ji Azubuike, "amma doki ba ido, me zai yi?"

"Oga, ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ka bar mini shi zuwa kaka."

Washegari ya ɗaura ƙararrawa. Ya taka, ya tsaya, ya kira sunan dokin, ya sake takawa. Wallahi an sha dariya! Yara suka sa masa suna Baba Akuya. Ran Lahadi sai ya cusa wa ƙararrawar tsumma don kada ta dami masu sujada, duk da haka matarsa Hulda ta ce ya daina zama kusa da ita. Amma kafin a yanke dawa, mutane sun gani da idonsu: Baba Yafet a gaba, Danda a baya, babu igiya, har rafi. Azubuike da kansa ya sallami dillalan.

Kai ne idon makaho, Baba Yafet. Shekara da shekaru 'yarka Selina na roƙon ka je wurinta a Sabon Tasha ka huta, kana cewa Danda ba ya cin abinci sai ya ji ƙafarka. Ba ƙarya ka yi ba.

A daminar bana tsufa ya kayar da Danda. Baba Yafet ya zauna ya tallafe kansa, yana ɗan kaɗa ƙafa don dokin ya san bai tafi ba, har rai ya fita. Waɗanda suka taɓa hawansa suna yara su suka haƙa ramin. Azubuike ya yi kuka ba kunya.

Da za a mayar da ƙasa Hulda ta taɓa mijinta.

"Cire abin nan ka sa mishi. Aiki ya ƙare."

Ya sunkuya ya kama igiyar ƙararrawar, sai ya sake ta.

"In na binne ta, ranar da na je can da me zai gane ni?"

Mun gode, Baba Yafet, Ubangiji ya saka maka. Mu kuma da muke jefar da duk abin da ya daina yi mana amfani, mu ji kunya mu gyara. In kun ji ƙararrawar nan gobe da safe, kada ku yi dariya. Ku fito ku gaishe shi.