Mai Nema wa Kifi Ɗaki

Jama'a, ku zo ku ga wani ƙato a shagon kifin ado! Tumbinsa ya riga shi shiga, ga leda a hannunsa da kifaye biyu, kowanne bai kai farcena ba.

Mai shago ya nuna masa ƙaramin akwatin gilashi. "Wannan ya ishe su, yallaɓai."

Gogan ya tuɓe hula, ya zura kai ciki yana waige-waige kamar mai duba gidan haya.

"Haba malam! In sun yi faɗa, ina wanda aka kora zai kwana?"

Ga shi can ya rungumi wani akwatin da ɗan akuya zai yi iyo a ciki, wuyansa a sanƙare. Na rantse mutumin nan a kujerar falo ya kwana jiya.